Daga Wembley zuwa Damin Ciyawa

Ranar Asabar 29 ga Yunin 2002 duniya na jiran gari ya waye a ga yadda za ta kaya tsakanin Brazil da Jamus a wasan ƙarshe na cin kofin duniya. A wannan ranar ce mutum 230 suka hallara a wani makeken filin shan iska da ke kudu maso yammacin Landan, wanda ake kira Wimbledon Common, kowa da takalmin ƙwallonsa a hannu. Gwajin 'yan wasa aka kira. Ƙungiyar da ta kira gwajin wata ɗaya ke nan da kafa ta, ba ta da ɗan wasa ko ɗaya, ba ta da filin kanta. Cewa aka yi duk mai ganin ya iya ya zo. Aka kuwa zo, da gwanaye, da waɗanda rabonsu da buga wasan kirki tun suna makaranta amma son ƙungiya ya hana su zama a gida. Mai horarwa Terry Eames, wanda ya taɓa buga wa tsohuwar Wimbledon, ya tsaya yana tankaɗe da rairaya har ya fitar da waɗanda za su sa jesi.

Wanda ya fara kallon ƙwallon Ingila bayan shekarar 2000, in aka ce Wimbledon gasar tanis zai tuna. Dattawan gidajen kallo su ne suka san nauyin sunan. Ƙungiyar unguwa ce da aka kafa a 1889, ta shafe kusan shekara casa'in tana fafutika a ƙananan gasanni kafin a karɓe ta cikin manya a 1977. Zuwa 1986 tana rukunin farko. A 1988 ta je Wembley ta doke Liverpool da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin FA, a zamanin da Liverpool ke cin karenta babu babbaka. Lawrie Sanchez ne ya sa kai ya ci, gola Dave Beasant ya tare fenaretin John Aldridge. John Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ke gaba a ranar, daga baya kuma Efan Ekoku na Super Eagles ya yi shekaru yana ci musu ƙwallo. Wasansu babu ado: a ɗaga sama, a bi da ƙarfi, wanda ya tsaya a hanya ya sha kafaɗa. Manyan ƙungiyoyi ba sa son zuwa tsohon filinsu na Plough Lane, don matsattse ne, kuma babu mai fita ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Filin nan shi ne mafarin rigima. Bayan turmutsitsin Hillsborough na 1989 gwamnati ta wajabta wa manyan ƙungiyoyi su mayar da filayensu na zama zalla, a daina tsayuwa. Mai ƙungiyar a lokacin, Sam Hammam, ɗan kasuwa daga Labanon, ya ce Plough Lane ba zai gyaru ba. A 1991 aka kwashe aka koma haya a Selhurst Park, filin Crystal Palace, da sunan na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin ya zama shekara goma sha biyu. Aka sayar da tsohon filin, daga baya aka gina gidaje a wurin. A 1997 wasu attajirai biyu 'yan Norway suka sayi kaso mafi tsoka na ƙungiyar, a daidai lokacin da ake raɗe-raɗin za a ɗauke ta a kai Dublin, wato wata ƙasa ma daban. Wannan bai yiwu ba. A 2000 ta faɗo daga Firimiya, kuɗin talabijin ya ƙafe, masu ita suka shiga neman hanyar fita.

Hanyar ta fito daga Milton Keynes, sabon gari da gwamnati ta fara ginawa a ƙarshen shekarun 1960, kimanin kilomita 80 arewa maso yammacin Landan. Wani ɗan kasuwa mai suna Pete Winkelman yana da shirin gina katafaren filin wasa tare da manyan kantuna, amma shirin ba zai tashi ba sai da ƙungiyar da ke cikin manyan rukunai. Garin na da 'yar ƙungiyarsa a can ƙasa, wadda da an so da an raine ta ta hau a hankali. Jiran ne ba a so. Aka ga ya fi sauƙi a je Landan a ɗauko wadda ta riga ta hau.

Hukumar gasar ta ce ba ta yarda ba. Masu ƙungiya suka ɗaukaka ƙara, magana ta kai gaban wani kwamiti na mutum uku da hukumar FA ta naɗa. Ranar 28 ga Mayun 2002 biyu suka amince, ɗaya ya ƙi, kuma babu ɗaukaka ƙara bayan wannan. A cikin rahotonsu har suka ƙara da cewa in magoya baya suka ce za su kafa wata sabuwar Wimbledon a madadin wadda aka ɗauke, hakan ba zai amfani ƙwallon ƙafa ba. Ban san wata jimla da ta taɓa tara wa ƙungiya mambobi kamar wannan ba.

Magoya bayan sun riga sun yi duk abin da ake yi. Sun yi zanga-zanga, sun juya wa fili baya ana tsakiyar wasa, sun rubuta takardun koke har sun gaji. Kwana biyu bayan hukuncin, a wani taro da suka yi, Kris Stewart da Ivor Heller da Marc Jones da Trevor Williams suka kawo shawarar a daina roƙo, a kafa sabuwa, a fara daga inda doka ta ce sabuwar ƙungiya ta fara. Stewart ya faɗa wa taron cewa shi dai ya gaji da faɗa, ƙwallo kawai yake son kallo. Sunan da aka sa mata AFC Wimbledon, launinta shuɗi da rawaya kamar na uwar.

A nan sai an ɗan tsaya a bayyana tsanin ƙwallon Ingila, domin in babu shi labarin ba shi da ƙafa. Ƙungiyoyi 92 ne a rukunai huɗu na sama, su ne muke gani a talabijin. Ƙarƙashinsu akwai ɗaruruwan ƙungiyoyi a gasannin yanki-yanki, mataki a kan mataki, har a gangaro kan na ƙauyuka. Yawancin 'yan wasan suna da sana'arsu: mai gyaran famfo, malamin makaranta, direba, magini. Su yi atisaye da dare sau biyu a mako bayan tashi daga aiki, su buga ranar Asabar da ƙarfe uku, wani lokaci da daren Talata cikin sanyi da ruwa. Wanda ya ci rukuninsa ya hau na gaba, da sharaɗin filinsa ya cika ƙa'ida, wato fitilu, shinge, ƙofar karɓar kuɗi, rumfar 'yan kallo, ɗakin canza kaya na alƙalin wasa. Tun 1987 zakaran mataki na biyar ke da damar shiga cikin 92 ɗin da ƙarfin makinsa, ba sai an yi masa ƙuri'a ba. Ke nan a ƙa'ida babu abin da ke tsakanin ƙungiyar ƙauye da Old Trafford sai cin wasa da gyaran fili. Mutanen Wimbledon sun yarda da wannan ƙa'ida domin sun taɓa hawa tsanin da ƙafarsu.

Sun nemi a fara da su a gasar Isthmian, wadda ke ɗan sama kaɗan, ƙungiyoyin gasar suka yi ƙuri'a ba su samu adadin da ake bukata ba. Gasar Combined Counties ce ta karɓe su, abin da a lissafin yau yake mataki na tara. Fili kuma suka samu haya a Kingsmeadow, gidan ƙungiyar Kingstonian, a unguwar da ke maƙwabtaka da tasu. Kamfanin Sports Interactive, masu yin wasan kwamfutar nan na horar da ƙungiya, ya sa sunansa a gaban jesi. Duk wannan cikin makonni shida aka yi shi, kuma masu yin sa mutane ne da ke da aikin ofis da safe.

Ranar 10 ga Yuli aka buga wasan farko, na sada zumunta, a gidan Sutton United. Mutum 4,657 suka shiga. Aka lallasa sabuwar ƙungiya da ci huɗu da nema, jama'a suka fito suna murna kamar an ba su kofi. Wasannin share fage da suka biyo baya ma yawanci kashi suka sha, abin da ba zai ba kowa mamaki ba ga 'yan wasan da wasunsu ba su gama sanin sunan juna ba.

Gasa ta buɗe ranar 17 ga Agusta, rana ɗaya da buɗe Firimiya. Wimbledon ta je baƙunci Sandhurst Town, ƙungiyar da a ranar da kasuwa ta yi kyau 'yan kallonta ba su fi a ƙirga su da ido ba. Mutum 2,449 suka dira a filin. Babu matakalar tsayuwa, sai aka jera damman ciyawa a gefe don na baya su hau su hango. Mutanen da shekara goma sha huɗu da suka wuce ke Wembley suna kallon kyaftin ɗinsu na ɗaga kofi, ga su a kan ciyawar dabbobi suna leƙen wasan mataki na tara. Kevin Cooper ya ci ƙwallon farko a tarihin ƙungiyar a gasa, aka tashi Wimbledon na da biyu, Sandhurst na da ɗaya. Kwana huɗu bayan nan, a wasan farko na gida, sama da mutum dubu huɗu suka cika Kingsmeadow, Chipstead ta zo ta ci su biyu da ɗaya ta tafi abinta.

Haka kakar ta fara, da tuntuɓe. Kowace ƙungiya a rukunin ta ɗauki wasa da Wimbledon a matsayin wasan shekara, 'yan wasanta su fito kamar za su ci babu. Ma'ajin kowace ƙungiya kuwa addu'arsa Allah ya kawo ranar, domin kuɗin ƙofa da cinikin shayi da burodi na wannan yini ɗaya kan zarce abin da suke tarawa a watanni. Wasu sun ɗauki wasan suka kai filin da ya fi nasu girma don kowa ya samu shiga. Sunayen garuruwan da aka zagaya, irin su Cove da Ash da Merstham da Frimley Green, ko Baturen Landan sai ya duba taswira.

A ɗaya ɓangaren, tsohuwar ƙungiyar tana nan a Selhurst Park, domin filin Milton Keynes bai samu ba tukuna. Tana mataki na biyu, tana karawa da irin su Leicester da Wolves da Nottingham Forest, amma babu masu kallo. A ƙarshen Oktoban 2002 ta karɓi Rotherham a gaban mutum 849. Da aka yi lissafin kaka, matsakaicin masu shiga wasan gida na AFC Wimbledon ya haura dubu uku, ya fi na masu riƙe da suna da gurbi da ƙwararrun 'yan wasa. Kafin shekara ta zagayo tsohuwar ta faɗa hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci. A Satumban 2003 ta koma Milton Keynes, a 2004 aka canza mata suna zuwa MK Dons.

Da tatsuniya ce da sai a ce sabuwar ta ɗauki kofi a shekarar farko. Ba ta ɗauka ba. Ta ci wasanninta goma sha ɗaya na ƙarshe a jere, amma makin da ta zubar a farkon kaka ya bi ta, ta ƙare ta uku, bayan Withdean 2000 da AFC Wallingford. Babu hawa. Ƙungiyar da ta fi kowa jama'a a rukunin nesa ba kusa ba, wadda jaridun ƙasa ke bibiya, aka ce ta sake shekara a aji ɗaya, kuma ta sake. Babu wanda ya je ofishin hukuma da jakar kuɗi neman a duba yawan magoya bayansu a yi musu alfarma. Da sun yi haka, da sun zama abin da suka gudo daga gare shi.

Wannan wuri shi ne ya fi taɓa ni, domin mu a nan Najeriya kalmar sayen gurbi ta zama ruwan dare har ba ta ba kowa kunya. Ƙungiya ta faɗi daga gasar ƙwararru, kafin a buɗe sabuwar kaka sai a ji ta sayi gurbin wata da ta hau da guminta amma ba ta da kuɗin zirga-zirga. A canza suna, a canza gari, a ci gaba. Tsani muna da shi a takarda: gasar jiha, sai NLO, sai NNL, sai NPFL. Amma yaron da ke buga wa ƙungiyar unguwa a Fagge ko Tudun Wada ko Sabon Gari, da mai gidan da ke saya musu ƙwallo da ruwan leda, sun san cewa ko sun ci kowa a fili akwai wata ƙofa ta baya da ba su da makullinta. Wanda ya san haka ba zai kashe shekara tara yana hawa ba. Abin da aka yi a Milton Keynes sau ɗaya, Ingila ta ɗauke shi abin kunya har hukumomi suka ƙara tsaurara dokar ɗauke ƙungiya daga garinta, mu kuwa ko labarin shafi na biyu ba ya zama.

Sai dai tsani shi kaɗai bai isa ba. Abin da mutanen Wimbledon suka yi wanda ba a cika ba da labarinsa ba, don ba shi da daɗin ji, shi ne aikin takarda. Tun a Fabrairun 2002, kafin hukuncin kwamiti, sun kafa wata ƙungiyar gama kai mai rajista, Dons Trust, kuma ita ce ta mallaki sabuwar ƙungiyar ƙwallon. Kowa ya biya kuɗin shekara ya zama mamba. Mamba ɗaya ƙuri'a ɗaya, ko attajiri ne ko mai share titi. Mambobi ke zaɓen shugabanni, shugabanni su kawo lissafin shiga da fita a gaban taro. Da aka zo sayen Kingsmeadow a 2003, domin mai filin ya sa shi a kasuwa, aka sayar wa jama'a hannun jari aka ci bashin sauran, amma aka tsara yadda kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u zai zauna a hannun Dons Trust. Manyan abubuwa irin sayar da fili ko canza suna ko barin unguwa kuwa, aka ɗaure su da sharaɗin sai gagarumin rinjayen mambobi ya yarda. An rubuta wannan duka a lokacin da ƙungiyar ba ta mallaki abin da wani zai yi kwaɗayi ba, kuma shi ya sa rubutun ya yi sauƙi.

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙungiyar unguwa ya san yadda tamu take ƙarewa. Ana lafiya lau muddin babu ko sisi. Ranar da wani ɗan wasa ya samu tafiya waje aka turo ɗan abin hasafi, ko ɗan takara ya kawo jesi da buhun kuɗi, ranar za a gane ba a taɓa yanke wa ke da ƙungiyar ba. Koci ya ce shi ya tara yaran tun suna buga ƙwallon tsumma. Alhaji ya ce motarsa ake hawa. Sakatare ya riƙe takardar rajista a gidansa ya kashe waya. Kafin wata uku an rabu biyu, kowane ɓangare ya ƙara wa sunan "United". Rashin son ƙwallo bai taɓa zama matsalarmu ba, haka ma rashin haɗa hannu: mutanen da ke gina masallacin unguwa da karo-karo, su riƙe adashi shekara da shekaru ba a ci kuɗin kowa ba, ba za a koya musu tara kuɗi ba. Ƙwallo ce dai muka ɗauka wasan yara, ba mu ga ta cancanci tsarin mulki da littafin ma'aji ba.

Manyan namu kuma na gwamnati ne. Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors, Niger Tornadoes, duk gwamnatocin jihohi ke riƙe da su. Babu mai musun cewa Pillars na da jama'a. Wanda ya ga filin Sani Abacha a shekarun da ta ci gasa uku a jere, 2012 zuwa 2014, ya san "Sai Masu Gida" ba faɗar baki ba ce. Amma masu gidan ba su da ƙuri'a ko ɗaya a gidan. Ba su ke naɗa shugaba ba, ba su ganin lissafi, in an canza gwamna a canza hukumar gudanarwa su ji a rediyo. Da ta faɗi daga gasa a 2022, abin da mai goyon baya ke iyawa shi ne ya kira shirin wasanni ya zazzaga faɗa. Waɗanda ba na gwamnati ba kuwa sukan rayu ne iya ƙarfin aljihun mai su. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, yau sai a bakin dattawa ake jin sunanta. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, mu kuwa a harkar ƙwallo kullum a layin aro muke, ko a gidan gwamnati, ko a gidan kallo muna rantsuwa da Arsenal wadda ba ta san da zamanmu ba.

Ba na cewa a kwafo Landan a dasa a Kano. Magoya bayan Wimbledon mazauna ɗaya daga cikin yankunan masu hali ne, a cikinsu akwai lauyoyi da akantoci da masu kamfani. Erik Samuelson, wanda ya riƙe musu lissafi tun farko kuma daga baya ya zama shugaban gudanarwa, babban akanta ne da ya bar wani katafaren kamfani, ya ce a riƙa biyansa gini ɗaya a shekara, wato fam ɗaya da sule ɗaya a tsohon lissafi. Ba kowace unguwa ke da irinsa ba. Amma kowace unguwa tana da malamin lissafi da ya yi ritaya, da tsohon ma'aikacin banki, da ɗan kasuwar da jama'a suka yarda da amanarsa. Ba a dai taɓa zuwa an ce musu, "Baba, ga littafin ƙungiya, a taimaka a riƙe mana," ba. Su ma masu tsaron ƙofa da masu sayar da tikiti da masu wanke jesi a Kingsmeadow, galibinsu ba a biyansu. Suna tashi daga aiki su zo su yi, saboda abin nasu ne.

Sauran labarin an fi saninsa. A kaka ta biyu ba a ci su ko sau ɗaya ba a gasa: wasa 46, nasara 42, kunnen doki huɗu. Daga Fabrairun 2003 zuwa Disambar 2004 sun buga wasan gasa 78 ba a doke su ba. Hawa biyar cikin shekara tara, na ƙarshen ranar 21 ga Mayun 2011 a Manchester, inda suka fitar da Luton Town a bugun fenareti, Danny Kedwell ya buga na ƙarshe, suka koma cikin 92. A 2016 Adebayo Akinfenwa, wani ɗan asalin Najeriyar, ya ci fenareti a Wembley a wasan da ya kai su mataki na uku. Tun a 2007 MK Dons ta mayar wa ƙaramar hukumar Merton, inda unguwar Wimbledon take, kofuna da kayan tarihin tsohuwar Wimbledon, ta daina da'awar cewa ita ce ta ci kofin 1988. Magoya bayan Manchester United da suka fusata da sayen da iyalan Glazer suka yi wa ƙungiyarsu a 2005, wajen mutanen Wimbledon suka nemi shawara kafin su kafa FC United.

Akwai tabo a labarin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Kingstonian, masu gidan da suka ba da masauki a 2002, sun koma 'yan haya a filin da yake nasu a da. Da Wimbledon ta tashi komawa unguwarta, sai ta sayar wa Chelsea da Kingsmeadow don ta samu kuɗin gini, a 2017 Kingstonian ta kwashe kayanta ta shiga yawon haya a filayen wasu. An ba ta kuɗi masu kauri don ta nemi matsuguni, kuma gaskiya ne cewa matsalar kuɗinta ta girmi zuwan Wimbledon. Duk da haka, mutanen da aka raba da gidansu sun zama sanadin raba wasu da nasu. Mallakar jama'a ba ta mayar da kowa waliyyi.

Ba ta kuma haƙo rijiyar kuɗi. A ƙarshen 2019, ana tsakiyar ginin sabon fili a titin Plough Lane, 'yan taku kaɗan daga inda tsohon yake, aka wayi gari da giɓin kusan fam miliyan 11. Shugabanni suka kawo maganar wasu masu kuɗi da za su cike giɓin in aka sakar musu iko. Mambobi suka ƙi. Wasu daga cikinsu suka fito da tsarin da magoya baya za su ranta wa ƙungiya kuɗinsu na wasu shekaru, kowa ya faɗi ribar da yake so, wasu suka ce ba sa son komai. Aka tara sama da fam miliyan biyar, aka cike sauran ta wasu hanyoyi, a Nuwamban 2020 aka buga wasan farko a sabon filin. Bashin nan ana kan biyansa, kuma yana cin kuɗin da da an sayi 'yan wasa da shi. A 2022 sun faɗo mataki na huɗu, suka yi shekara uku kafin su sake hawa. A rukunin da suke, abokan karawarsu na da attajiran da ke zuba miliyoyi duk shekara ba tare da sun ji a jikinsu ba, shi ya sa maganar a rage kason Dons Trust a shigo da masu jari take yawan dawowa gaban taro. Matasan da ba su ga 2002 ba suna tambaya, da gaskiyarsu, har yaushe za a yi ta fama a ƙasan tebur saboda wata rigima da aka yi kafin a haife su. Dattawan da suka hau damin ciyawa a Sandhurst su amsa cewa Hammam da 'yan Norway ma da fara'a suka shigo. Da ina da ƙuri'a a zauren, da dattawan zan bi, ko da hakan na nufin ƙungiyar ba za ta sake ganin Firimiya ba.